Abin da Auta Ta Gani a Kan Hajiya

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da Hajiya ta rantse cewa in dai tana numfashi, ɗanta Dogo ba zai auri mai kitso ba. Duk wanda ya san Hajiya kuwa ya san ba ta magana biyu.

Abin da ya fi ƙona wa Auta, mai kitson, rai shi ne babu wanda za ta ɗora wa laifi. Ba maƙiyi ne ya kai tsegumi ba, ba kuma wata ce ta yi mata zagon ƙasa ba. Bakinta ne ya ja mata, bakin nan da bai saba ganin abu a kan mace ya yi shiru ba.

Shekara tara Auta tana kitso a wani ɗan shago da ke ƙasan bene, tsakanin mai ɗinki da mai gyaran waya. Kujeru biyu ne a ciki, da madubi ɗaya mai tsagewa a kusurwa, da kwanon wanke kai, da kanta da aka jera kwalabe. Amma kar ƙanƙantar shagon ta ruɗe ka. Daga unguwanni masu nisa mata suke zuwa su jira layi, don hannun Auta daban ne. Tsagarta kamar an ja da zare. Ba ta ja, ba ta matsewa, yarinya 'yar shekara huɗu sai ta yi barci a cinyarta ana yi mata kitso. Ita kaɗai ce mai kitson da take fara duba lafiyar fatar kai kafin ta tambayi irin kitson da ake so.

Dogo kuwa shi ne mai kantin maganin da ke tsallaken titi. Ya yi karatun harhaɗa magunguna, ga haƙuri, ga shi ba ya sayar wa mutum abin da ba ya bukata. A wurinsa Auta ta koyi abin da ya ƙara mata suna. Ƙwayoyin bitamin E, masu santsi launin zuma, take hudawa da allura ta matse cikin man zaitun, ta shafa wa matan da gashinsu ke zuba, ta murza fatar kan a hankali. Shi ya yi mata bayani cewa bitamin ɗin yana kare fata daga lalacewa ne, kamar yadda mai yake hana ƙarfe tsatsa. Yana taimaka wa fatar da ta bushe ta gaji, amma ba ya tayar da saiwar gashin da ta riga ta mutu. Yadda ya faɗa mata haka take faɗa wa mata, ba ƙari ba ragi, ko da ba abin da suke son ji ke nan ba. Wannan halin Dogo ya gani ya ce shi fa ya ga matar aure.

Ranar da ya kai ta ta gaida mahaifiyarsa, ƙawayen Hajiya uku suna zaune a falo, an zo ganin yarinyar da ta tafi da hankalin ɗan gida. Auta ta durƙusa har ƙasa, gaisuwa tsaf, babu abin kushewa. Har Hajiya ta fara sakin fuska. Sai Hajiyar ta sunkuya za ta ajiye kofin shayi, ɗankwalinta ya ɗan zame baya, bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Da wata ce da ba ta ga komai ba. Amma idon da ya shekara tara yana kallon kawunan mata ya gani sarai. Gashin goshi ya ja baya, fatar tana sheƙi, 'yan tsirarun da suka rage sirara kamar na jariri. Kafin hankalinta ya tare bakinta, maganar da take yi sau ashirin a rana a shago ta fito.

"Mama, ki rage ɗaure kai da ƙarfi haka. Gashin gabanki yana tafiya."

Falon ya yi tsit. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ƙware da shayi, ɗayar ta kafa wa fanka ido kamar yau ta fara ganinta. Hajiya ta jawo ɗankwalinta gaba a hankali, ta miƙe, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Matar da ko 'ya'yan cikinta rabonsu da ganin kanta a buɗe shekara shida, yau ga 'yar mutane ta tona mata asiri a gaban ƙawaye. Magana kuwa zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Da la'asar ɗin ranar ta goma sha ɗaya Dogo ya tsallako titi da farar rigarsa ta aiki, ya tsaya a bakin shago. Ya rame har wuyansa ya ƙara tsawo. Auta ta sallami matar da ta gama yi wa kitso, ta goge hannu ta fito.

Ya gaya mata ya yi duk abin da ɗa zai iya yi. Ya durƙusa, ya kama ƙafa, ya turo ƙanwar Hajiya, har kawunsa ya sa baki. Hajiya ta ce yarinyar da tun ba ta shigo gida ba ta fara ƙirga mata gashi, ai ranar da ta shigo haƙora za ta ƙirga mata.

Auta ta so ta daure, amma ina. Hawaye ya ɓalle mata a nan bakin titi, tana gogewa da bakin mayafi wani yana zubowa.

"Wallahi ba don in wulaƙanta ta na yi ba," ta ce. "Tausayinta ne ya kama ni. Na ga abin da zan iya taimakawa a kai, shi ke nan laifina."

"Na sani, Auta. Da ban sani ba da ban tsaya a nan ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ba zan saɓa mata ba, ita ta haife ni. Ke ma kuma ba zan iya barinki ba. Ki ƙara mini lokaci."

"Lokacin ne ba ni da shi."

Ya san abin da take nufi. Akwai Dillali, mai kawo wa shaguna kayan gyaran gashi, wanda ya shekara yana zarya a gidan su Auta. Yana da mota, ya iya gaida manya, kuma danginsa sun nuna suna so. Burinsa shi ne ya aure ta, ya zuba man nan nata a kwalabe da hotonta a jiki, a rubuta cewa gashi zai sauko har gadon baya cikin mako biyu. Da ta ce masa ai wannan ƙarya ce, dariya ya yi, ya ce wa ya gaya mata ana sayen gaskiya a kasuwa. Umma, mahaifiyar Auta, ba ta ga aibunsa ba. Ta ce gidan da ba a sonka ba a cusa kai, 'yarta ba ta rasa manema ba. In ƙarshen wata ya yi mutanen Dogo ba su zo ba, za ta ce wa mutanen Dillali su zo.

Saura kwana biyar wata ya ƙare. Dogo ya daɗe yana kallonta, ya juya ya koma kantinsa.

Washegari Talata ce, ranar da shago ba ya cika. Da hantsi Auta tana share gashin da ya zuba a ƙasa, sai wata mata ta shigo, lulluɓe da ƙaton mayafi, da baƙin tabarau. Ba ta jira an ce ta zauna ba. Da kanta ta ja labule, ta zauna a kujerar da ke gaban madubi, ta cire tabarau.

Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Auta. Hajiya ce.

"Rufe ƙofar," Hajiya ta ce, ba ta ko amsa gaisuwar ba. "Tun da idonki ya iya gani, sai mu ga ko hannunki ya iya gyara."

Ta fara kwance ɗankwali. A ƙarƙashinsa akwai wata hula mai roba, ta matse goshin har ta yi shaci. Kanta a miƙe, idonta a kan madubi. Auta ta ji matar ta ƙara girma a idonta. Ta san abin da ake ji kafin mace irin Hajiya ta tako da ƙafarta ta buɗe kai a gaban wadda ta kunyata ta. Ba kowace ce za ta iya ba.

Ta wanke hannu da sabulu, ta tsaya a bayanta. Da ta ɗora yatsu a kan nan, tsoro ya sake ta, don nan fagenta ne. Ta bi shi tsaga-tsaga, daga goshi zuwa ƙeya, tana taɓawa tana dubawa a hasken taga. Sannan ta faɗi abin da ta gani. Can gaba, faɗin yatsa biyu, saiwar ta mutu, babu man da zai dawo da ita, duk wanda ya ce zai iya ƙarya yake yi. Amma daga nan zuwa baya akwai rai. In aka daina matse kai, aka riƙa shafa mai ana murzawa, aka kuma je asibiti aka duba jini don a san abin da ke jawo zubar, za a ceci mai yawa.

Hajiya ta tsaya kallon kanta a madubi. Can sai ga hawaye yana gangarowa, ba ta share ba. Ta ce a da gashinta har tsakiyar baya, mahaifin Dogo har tsokanarta yake yi wai da shi za a ɗaure kaya. Tun da ya rasu, ciwon zuciya ya kama ta, sai gashin ya fara bin mataji. Kullum ta tashi sai ta kakkaɓe matashin kai kafin wani ya shigo ɗakin. Shekara shida ba ta gaya wa kowa ba.

Auta ta jawo kwalbar mai. Ta huda ƙwaya biyu, ta gauraya da mai a tafin hannu, ta fara murzawa a hankali. Kafaɗun Hajiya suka sauka, ta lumshe ido.

"Hannunki da sanyi," ta ce can, kamar ba ta so ta faɗa ba. Sannan ta buɗe ido. "Ki saurare ni da kyau. Zan riƙa zuwa duk Talata. Babu wanda zai san na taka shagon nan, balle Dogo. In na ga kin iya riƙe bakinki, zan sake duba maganarku. In kuwa sirrin nan ya fita, ki ɗauka ni da ke har abada."

Zuciyar Auta ta yi tsalle. Ƙofar da aka rufe kwana goma sha biyu yau ga ta ta ɗan buɗe, kuma abin da ake nema a wurinta bai wuce shiru ba. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ɗauki kibiyar tsaga za ta raba gashin bayan kunne.

Bakin kibiyar ya ɗan shafi wani ƙaramin ƙurji. Ba wani abu ba ne, irinsa yana faruwa a shago kullum, a danna da auduga ya tsaya. Auta ta ba da haƙuri, ta danna. Audugar ta jiƙe. Ta sa ta biyu, ita ma ta jiƙe. Har ta uku jinin yana tsattsafowa, tsinkakke, daga wurin da bai kai kan allura biyu ba.

Mayafin Hajiya ya zame daga kafaɗa. A damtsenta Auta ta ga tabo uku, baƙi-baƙi, inda jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Ta tambaya ko faɗuwa ta yi. Hajiya ta ce a'a, haka kawai suke fitowa kwanan nan. Ta tambaya ko dasashinta yana jini in tana wanke baki. Hajiya ta ce yana yi, jiya ma har haɓo ta yi sau biyu, amma ai zafi ne.

"Mama, akwai abin da kike sha bayan maganin asibiti?"

Hajiya ta buɗe jaka ta fito da wata ƙatuwar kwalba. Bitamin E ne, mai ƙarfin gaske. Ta ce a wurin wata maƙwabciya ta saya, don kunya ba za ta bar ta ta tambayi ɗan cikinta maganin sanƙo ba. Wata biyu tana haɗiyar biyu a rana. Tun ranar da Auta ta yi maganar nan a falo ta mayar da su shida.

Auta ta ƙura wa kwalbar ido. Ta san Hajiya tana shan maganin tsinka jini saboda zuciyarta, Dogo ne yake kai mata duk wata. Ta kuma sha jin sa yana gargaɗin masu saye a kanti, cewa mai shan maganin tsinka jini kada ya kuskura ya tara wa kansa bitamin E, don haɗuwarsu tana iya sa jini ya ƙi tsayawa. Na waje da ake gani da sauƙi, na ciki da ba a gani shi ne abin tsoro. Kuma maganarta ce ta sa matar nan ta ninka.

Ta durƙusa a gaban kujerar ta yi mata bayani tiryan-tiryan. Hajiya ta taɓe baki, ta ce wannan ai man gyaran jiki ne ba guba ba, ita ma Auta ba da shi take aiki ba? Auta ta ce ita a kai take shafawa, ba haɗiya take sawa a yi ba. Ta roƙe ta su tafi asibiti yanzu, su biyu, ba sai kowa ya ji ba. Hajiya ta ce duk asibitin babu wanda bai san ɗanta ba, kafin ta zauna labari ya isa kantinsa. Za ta rage zuwa uku, shi ke nan, a bar maganar. Ta mayar da kwalbar jaka, ta fara ɗaura ɗankwali, jinin yana ɓata gefensa.

Gaba kura, baya siyaki. In Auta ta yi shiru, ta sami Dogo. In ta yi magana, ta rasa shi, kuma saura kwana huɗu a ba Dillali ita. Ta kalli ƙofa, ta kalli audugar da ke hannunta. Allah ya sani tana son mutumin nan kamar ranta, kuma na ɗan lokaci shirun ya yi mata daɗi a zuciya. Sai ta miƙe.

"Mama, zan gaya masa."

Hajiya ta juyo a hankali. "Me kika ce?"

"Zan gaya masa yanzu. Ba a bayan idonki zan yi ba, shi ya sa nake faɗa miki."

"Kin san abin da kike shirin zubarwa, yarinya?"

"Na sani." Hawaye yana zuba, amma muryarta ba ta karye ba. "Gara ki hana ni shi kina raye, Mama, da in same shi ranar da ake karɓar gaisuwarki."

Ta zare sakata ta fita. Ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba, ta ratsa tsakanin motoci, wani direba yana zaginta ba ta ji ba. Dogo yana miƙa wa wani tsoho magani ta ajiye audugar a kan teburin kantin. Magana huɗu ta yi masa. Fuskarsa ta sauya, ya bar kantin a buɗe ya tsallaka da gudu.

A bakin shago ya tarar da mahaifiyarsa, ɗankwali a karkace, tana neman abin hawa. Bai yi mata musu ba, bai tambaye ta komai ba. Ya karɓi jakar, ya duba kwalbar, ya duba damtsenta, ya tare mota. Yaron da bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, yau shi ne ya ce mata ta shiga, kuma ta shiga. Kafin a rufe ƙofa ta dubi Auta sama da ƙasa.

"Kin gama da kanki," ta ce.

Da yamma saƙo ɗaya ya shigo wayar Auta daga Dogo. An kwantar da Hajiya, jininta ya tsinke fiye da kima, likita ya ce an yi sa'a da aka zo yau. Daga nan shiru. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, kantin tsallaken titi wani abokin aikinsa ne a ciki. Auta tana kitso tana kuka a ɓoye, amma ko tsaga ɗaya ba ta karkace ba. Matan da ke zuwa suna yaba hannu, ba su san mai hannun ba ta iya haɗiyar abinci ba.

A gida Umma ta ji labarin duka. Ta daɗe tana kallon 'yarta, ta ce abin da ta yi shi ne daidai, kuma ta yi alfahari da ita. Amma daidai ba ya sauya zuciyar uwar miji. Matar da ta ce kin gama da kanki a bainar jama'a ba za ta dawo ta ce zo ba. Umma ta riga ta aika wa mutanen Dillali su zo ranar Asabar bayan la'asar. Auta ta roƙa har muryarta ta dushe. Umma ma ta yi kuka, amma ta ce ba za ta zuba ido 'yarta ta tsufa a bakin ƙofar da aka rufe ba.

Ranar Asabar da azahar Auta tana wanke mataji a shago, Dogo ya leƙo. Idonsa ya faɗa, rigarsa duk ta yamutse. Ya ce Hajiya tana kiranta. Ta tambaye shi lafiya, ya ce shi ma bai sani ba, kwana huɗu ba ta ambaci sunanta ba sai yau.

Ɗakin asibitin ƙarami ne, gado ɗaya, kujera ɗaya, agogo a bango. Hajiya tana jingine da matashi, ana yi mata ƙarin ruwa, ta ɗan faɗa, amma idon nan yana nan da kaifinsa. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata sannu da jiki. Hajiya ta bar ta a durƙushe har sai da gwiwarta ta fara zafi.

"Sau biyu ke nan bakinki yana tona mini asiri," ta ce.

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Ba haƙuri na kira ki ki ba ni ba. Tambaya zan yi miki. In na ce har yanzu ina kan bakana, kin yi da na sanin tsallaka titin nan?"

Auta ta ɗago kai. Ta san amsar da za ta yi wa tsohuwar daɗi, ta kuma san ba ita ce gaskiya ba.

"Zan yi kuka, Mama, wataƙila har ƙarshen rayuwata. Amma in aka mayar da ni ranar, zan sake tsallakawa."

Hajiya ta juya fuska wajen taga. Dogo yana tsaye a jikin ƙofa, ko numfashi mai ƙarfi ba ya yi. Da Hajiya ta sake magana, muryarta ta sauya.

Ta ce 'ya'ya biyar ta haifa, duka tsoronta suke ji. Babbar 'yarta ta ga tabon nan a hannunta tun makon jiya, da ta harare ta sai ta ja bakinta. Mai aikinta ta wanke tsumman haɓo ba ta ce uffan ba. Ta gina wa kanta gidan da babu mai iya ce mata a'a, tana ganin shi ne girma, saura kaɗan girman ya kai ta kabari. Kwana huɗu tana kwance tana neman laifin da za ta riƙe yarinyar nan da shi, ta juya ta juya ba ta samu ba.

"Tashi daga ƙasan nan," ta ce. "Zo nan."

Auta ta matso. Hajiya ta kama hannunta, ta juya tafin tana kallo, yatsun da mai ya yi wa laushi, da kantar da kibiya ta bari.

"Na miƙa miki ɗana a hannu, na ce ki yi shiru kawai ki ɗauka. Kika ajiye shi kika ɗauke ni." Ta matse hannun. "Irinki ake nema a gida, 'yata. Ni ce ban gane ba."

Kukan da Auta take dannewa ya ƙwace. Ta kifa kai a gefen gadon, kafaɗunta suna rawa, Hajiya tana bubbuga bayanta tana cewa ya isa, ya isa haka, kar ma'aikata su ɗauka mutuwa aka yi. Ta dubi ɗanta ta ce ya gaya wa kawunsa ya shirya, cikin makon nan za su je gidan su Auta.

Auta ta ɗago da sauri, fuska jage-jage da hawaye. "Mama, yau ne. Yau bayan la'asar mutanen Dillali za su zo wurin Umma."

Hajiya ta kalli agogon bango. Uku saura kwata. Ta kalli Dogo, wanda yake tsaye baki buɗe.

"To kai me kake jira, kana tsaye kamar turken wutar lantarki? Wannan dogayen ƙafafun na ado ne? Ka ɗauko kawunka ko a wanka yake. Ka ce wa mahaifiyarta ni na aiko, in ta ƙi ji zan cire ƙarin ruwan nan in zo da kaina."

Dogo bai tsaya rufe ƙofa ba. Suna jin ƙarar takalminsa a barandar asibitin, wata ma'aikaciya tana yi masa faɗa cewa ba a gudu a nan. Auta ta yunƙura za ta bi shi, Hajiya ta ƙara damƙe hannunta.

"Ke zauna," ta ce. "Ba inda za ki. Duk mai son ɗaukarki yau, sai ya zo ya ɓamɓare ki daga hannuna."